An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tsokaci Kan Faɗuwar 'Yan Mata da Saurin Yanke Hukuncinmu

Mu da muka tashi a Sabon Wuse, garin nan da ke bakin titin Abuja zuwa Kaduna a cikin masarautar Suleja, ba baƙi ba ne ga wannan kallo. Ana zaune ƙalau sai a ji kururuwa ta tashi daga wani gida, ko daga ɗakin kwanan ɗalibai mata, ko daga tsakiyar taron biki. Kafin a ankara yarinya ta zube ƙasa, idanu a rufe, jiki na kyarma, ƙarti uku sun kasa danne ta, muryar da ke fita daga bakinta kuma ba tata ba ce. Abin da ya fi faɗuwar ban mamaki shi ne saurin da jama'a ke yi wajen gano ciwon. Tun ba a ɗaga ta daga ƙasa ba, tsohuwa da yaro, mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba, kowa ya riga ya yanke hukunci cewa mutanen ɓoye ne. Likitan da ya shekara goma sha yana karatun ƙwaƙwalwa ba zai iya cewa komai ba sai ya yi tambaya ya yi gwaji, amma mu a minti ɗaya mun gama bincike, har mun san jinsin aljanin da addininsa da garin da ya fito.

Wannan saurin hukunci shi ne abin da muka ɗauki alƙalami domin mu yaƙa. Muna kuma roƙon mai karatu da ya yi mana haƙuri ya kai ƙarshe kafin ya jefe mu da kalmar da muka san tana bakinsa, wato 'yan boko aƙida. Mu Musulmi ne, mun yi imani da samuwar aljanu kamar yadda Alƙur'ani mai girma ya tabbatar, har da sura guda mai sunansu. Amma imani da samuwar aljani abu ne daban, tabbatar da cewa shi ne ya ka da 'yar wane ranar Talata da la'asar kuma wani abu ne daban. Kowa ya yarda akwai maciji a duniya, duk da haka ba kowane kumburin ƙafa ake kai wa gardi ba.

Abin da idonmu ya gani

Wata yarinya ce a unguwarmu, shekarunta ba su wuce goma sha bakwai ba, aka sa ranar aurenta. Saura mako uku biki ta fara faɗuwa. In ta faɗi sai wata kakkausar murya ta riƙa cewa wannan goɗiyarsa ce, ba mai aurenta, duk wanda ya matsa zai gani. Aka ɗauko mai ruƙiyya. Uwar ta durƙusa tana cewa, “Allah ya gafarta Malam, a taimaka mana, biki ya matso.” Shi kuwa ya ce, “Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan ƙaramin kafiri ne, yau zai bar ta.” Aka rufe ɗaki, aka turnuƙe shi da hayaƙi har da barkono a ciki, aka shiga tsula mata bulala wai aljanin ake duka, ita ba ta ji. Da gari ya waye aljani bai nuna tabo ko ɗaya ba, amma bayan yarinya duk ya farfashe.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka kai ta wani asibiti. Ma'aikaciyar da ta karɓe su ta dube ta sama da ƙasa, ta ɗaga hannunta ta saki, sannan ta ce da uwar, “Mama, 'yarki lafiyarta lau, iskanci ne kawai, aure ne ba ta so.” Aka yi mata allurar barci aka sallame su. Sai bayan wata biyu, da wata gwaggonta ta tafi da ita gidanta ta zauna da ita cikin dare ba tsawa ba hantara, sannan yarinyar ta buɗe baki. Ashe tun shekara guda kafin haka wani na kusa da gidan ya yi mata fyaɗe ya kuma yi mata barazana, ita kuwa tana ganin daren farko na matsowa, ranar da asirin da ba laifinta ba ne zai tonu a kanta. Malam ya tambayi aljani sunansa da garinsu da abin da yake so. Ma'aikaciyar asibiti ta tambayi uwa. A cikin mutanen nan duka, ba wanda ya tambayi yarinyar me ya same ta.

Haka kuma mun san wani yaro da ya shekara huɗu ana yi masa hayaƙi da tofi, ana gudun yawunsa wai ana ɗauka, har ranar da ya faɗa cikin murhu hannunsa ya ƙone ya shanye. Daga baya aka gane farfaɗiya ce, irin wadda ƙwayar magani mai araha take kwantarwa. Yawun mai farfaɗiya kuwa ba ya harbin kowa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tsohon labari ne

Kada a ɗauka wannan abu a Sabon Wuse ya fara. Waɗanda suka yi wayo a Kano ba za su manta da Sumbuka ba. A ƙarshen shekarar 1995 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa, wasu ƙafafunsu su riƙe, wasu su yi ta rawa irin ta finafinan Indiya, aka ce wata aljana ce mai suna Sumbuka ta shige su. Manazarta irin su Conerly Casey da Susan O'Brien sun bi diddigin al'amarin, kuma an ƙiyasta 'yan matan sun haura 600. Tun daga lokacin ne ruƙiyyar bainar jama'a ta sami kasuwa a ƙasar Hausa, aka shiga sayar da kaset-kaset na hirar malamai da aljanu. Watanni kaɗan bayan haka, a 1996, annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Ga ciwon da ke sa sanƙarewa da fita hayyaci yana yawo a gari, ga kuma jama'ar da aka riga aka koya wa cewa duk mai fita hayyaci aljani ne ya kama shi. Mai hankali ya auna haɗarin da ke cikin wannan gamo.

A Jamhuriyar Nijar ma an sha rufe azuzuwa saboda faɗuwar ɗalibai mata, kuma Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana nazarin Dogon Dutse, ta rawaito cewa iskokin kan yi ƙorafin an sare itatuwan da suke zaune an gina makaranta a wurin. A can Tanganyika, ƙasar da ta zama Tanzaniya, a watan Janairu na 1962 dariya ta ɓarke a makarantar kwana ta 'yan mata da ke Kashasha, ta kama 95 daga cikin ɗalibai 159, sai da aka rufe makarantar. Can ba su san Sumbuka ba. An ga irin wannan a makarantu da masana'antu na Malesiya da Ingila da Amurka. Sunan abin yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, amma yanayin guda ne: matasa, galibi mata, a tsare wuri ɗaya, ƙarƙashin matsi da tsoro, ba su da bakin faɗar abin da ke cin su. Ɗaya ta faɗi, ta kusa da ita ta gani, ita ma ta bi. Ruwa ba ya tsami banza.

Me likitocin ƙwaƙwalwa suka ce?

Akwai wani rukunin cututtuka da likitocin ƙwaƙwalwa suka daɗe da sani, wanda mu a nan za mu kira rabuwar hayyaci. Bayaninsa shi ne, a lafiyayyen mutum, tunawa da sanin kai da ji da motsin gaɓoɓi duk a ɗaure suke kamar damin hatsi. Idan wani tashin hankali ya fi ƙarfin zuciya, kamar fyaɗe ko ganin kisa ko azabar da ba mafita, sai igiyar damin ta kwance, kowane zangarniya ta kama gabanta. Likitan Faransa Pierre Janet ya yi bayanin wannan tun 1889, bayan ya lura da majinyatan da wani ɓangare na tunaninsu ke aiki ba da saninsu ba.

Ciwon yana zuwa ta fuskoki da dama. Wani mantuwa ce ke kama shi, ya kasa tuna wani yanki na rayuwarsa, ba kuwa don ya bugu a ka ba. Wani ya bar gida ya yi ta tafiya, a tsince shi a Minna ko Zariya bai san yadda ya je ba, irin wanda mukan ce aljanu sun ɗauke shi. Wani ya riƙa jin kamar ba shi ba, kamar yana tsaye a gefe yana kallon kansa. Wata ƙafarta ta shanye, ko ta makance, ko ta riƙa jijjiga kamar mai farfaɗiya, alhali jijiyoyinta lafiya lau. Wani kuma sanin kansa ya gushe, wani mai wata murya da wani hali ya maye gurbinsa, in ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba. Duk waɗannan ba da gangan majinyaci yake yi ba. A nan ne ma'aikaciyar asibitin nan ta yi kuskuren da ya kai na mai bulala muni, domin ta ga jijiya lafiya sai ta ce ƙarya ce.

Wanda yake zaton likitoci ba su san da zancen shigar iska ba, to bai bincika ba. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na goma, wanda aka fara aiki da shi a 1994, ya ware wa wannan yanayi gurbi na musamman. Bugu na goma sha ɗaya, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022, ya ƙara fayyace shi. Kundin Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wato DSM, a bugunsa na biyar na 2013, shi ma ya shigar da jin cewa wani abu ya hau mutum cikin alamomin da ake dubawa. Abin lura kuma, kundayen nan ba su ce duk wanda iska ta hau mahaukaci ne ba. Sun gindaya sharuɗɗa. Dole abin ya zama yana zuwa ba da son mutum ba, ya zama ba cikin wata al'ada ko ibada da jama'arsa suka amince da ita yake faruwa ba, ya zama yana cutar da shi ko yana hana shi karatu da sana'a da zaman aure, sannan a tabbatar ba wata cutar jiki ko ƙwaya ce ta haddasa shi ba. Saboda haka 'yar bori da aka yi wa girka, wadda Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima ke hawa idan an kaɗa garaya, ya kuma sauka idan an gama wasa, ba ta cikin lissafin marasa lafiya a wajen likita, ko da malami yana da tasa maganar a kanta ta fuskar shari'a. Wannan hikima ce, domin binciken Erika Bourguignon na 1973 ya duba al'ummomi 488 na duniya ya tarar kashi 90 cikin ɗari suna da wani nau'in fita hayyaci da al'adarsu ta tsara.

Yadda ake ganewa

Sharaɗin nan na ƙarshe, wato kore cutar jiki, shi ne inda rai yake, kuma shi ne abin da mai hayaƙi ba shi da kayan aikinsa. Likitan kirki ba ya fara cewa rabuwar hayyaci ce sai ya rufe sauran ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Zai duba zazzaɓi, domin zazzaɓin cizon sauro idan ya hau ka yana sa sambatu da jijjiga, sanƙarau ma haka, kuma dukansu suna kisa cikin kwanaki ko sa'o'i. Zai auna sukarin jini, domin faɗuwarsa tana sa mutum ya rikice ya yi faɗa ya suma, ga shi kuwa yawancin 'yan makarantar kwana da yunwa suke shiga aji. Zai tambayi abin da ake sha, domin Tramadol yana jawo jijjiga, kuma ba a manta yadda kodin ya yi wa matasan Arewa ɓarna ba har gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a watan Mayu na 2018. Zai tambayi ko an taɓa buguwa a ka. Idan mace ce mai ciki ko mai jego zai auna hawan jini, saboda jijjigar masu ciki tana kashe uwa da ɗa.

Daga nan sai babbar tambaya: farfaɗiya ce ko jijjigar rabuwar hayyaci? A nan shaidar wanda ya ga faɗuwar ta fi komai daraja. Mai farfaɗiya galibi idonsa a buɗe yake, jikinsa ya sanƙare sannan ya yi fizga mai tsari, abin ba ya cika wuce minti biyu zuwa uku, yakan ciji gefen harshensa, bayan ya lafa kuma sai minshari da barci da ruɗewa. Yakan faɗi ko yana shi kaɗai, ko cikin barci, ko cikin wuta. Mai rabuwar hayyaci kuwa sau da yawa idonta a rufe yake gam, tana jujjuya kai hagu da dama, abin ya yi ƙarfi ya lafa ya sake tashi, ya ɗauki minti goma ko sa'a guda, wani lokaci da kuka ko magana a ciki. Waɗannan alamu ne kawai, ba a yanke hukunci da ɗaya daga cikinsu, shi ya sa ake haɗawa da na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa, wadda Bajamushe Hans Berger ya fito da ita a 1929. Wani majinyacin ma yana da duka biyun a lokaci guda. Sannan dole a bambance wannan da ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da zargin ana bin sa na tsawon watanni, wanda maganinsa daban ne.

Bayan an gama da jiki sai a koma ga zuciya, kuma kayan aikin nan ba ya bukatar lantarki. Zama ne da majinyaciya a keɓe, ba uwa ba miji ba shugabar makaranta, a yi mata tambaya cikin mutunci, a ba ta lokaci. Yaushe abin ya fara? Me ya faru a watannin da suka gabace shi? A gaban wa yake tashi? Wa take tsoro? Akwai ma jerin tambayoyi 28 da Eve Bernstein da Frank Putnam suka tsara a 1986 domin tantance irin waɗannan alamu. A kudu maso yammacin Uganda, Marjolein van Duijl da abokan aikinta sun kwatanta mutum 119 da masu maganin gargajiya suka ce iska ta kama su da waɗansu lafiyayyu na ƙauyukansu, suka wallafa a 2010 cewa masu iskar sun fi sauran haɗuwa da munanan abubuwan tashin hankali a rayuwarsu nesa ba kusa ba.

To, mu dubi inda muke zaune. Sabon Wuse kanta garin waɗanda aka tasa ne daga tsohuwar Wuse bayan an tsai da gina babban birnin tarayya a 1976. Suleja ta ga bam a ofishin hukumar zaɓe a Afrilun 2011, Madalla ta ga nata ranar Kirsimeti a shekarar. Titin da ya ratsa garinmu ya shekara da shekaru yana cikin bakin duniya saboda masu satar mutane. A jiharmu aka kwashe ɗalibai a Kagara a Fabrairun 2021, aka kuma kwashe yara 'yan Islamiyya a Tegina a watan Mayu na shekarar. Yaran da suka girma cikin wannan fargaba, da matan da aka karɓo daga daji aka ce musu su yi shiru kada su rasa miji, ina muke zaton abin da suka haɗiye yake tafiya? Wanda aka hana shi kuka da baki, jikinsa zai yi masa kukan.

Malamai na gaskiya ba su ce haka ba

Masu ruƙiyyar kasuwa sukan fake da addini, don haka bari mu bi su can. Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya kasa faɗuwa kashi biyu, wadda ta fito daga miyagun ruhohi da wadda ta fito daga gurɓacewar jiki, ya kuma bar ta biyun ga likitoci. Tunda kashi biyu ne, wa ya ba mai bulala ilmin rarrabewa alhali ko ma'aunin zafin jiki ba ya riƙe da shi? Ibn Hazm na Andalus ya tafi nesa da haka, domin bai yarda cewa aljani ne ke magana da harshen wanda ya faɗi ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi sukutum kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake jinya da magana da nasiha. Musulmi ne suka gina asibitoci a Bagadaza da Dimashƙa da Alƙahira masu ɓangaren masu taɓin hankali tun Turai tana cikin duhu. Wannan gadonmu ne, mun yar da shi mun rungumi barkono.

Mu kuma tuna da matar nan mai faɗuwa da ta zo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda Bukhari da Muslim suka rawaito. Abin da ya fi damunta shi ne tsiraicinta da ke bayyana in ta faɗi, kuma addu'ar sutura aka yi mata. Ba a doke ta ba, ba a tara mata jama'a ba. Yau kuwa ana ɗaukar 'yar mutane a waya tana birgima ɗankwali ya faɗi, a watsa a Facebook da TikTok domin tallar malam. Wannan ciniki ne da mutuncin marar lafiya. Addu'a da karatun Alƙur'ani ga majinyaci alheri ne, ba mai hana su, kuma suna sanyaya zuciyar mai imani. Duka da shaƙe numfashi da hayaƙi da ɗauri kuwa zalunci ne ko da wane suna aka kira su. Wanda ya manta inda wannan hanya take kaiwa ya tuna gidan marin Rigasa a Kaduna, inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 a Satumbar 2019, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Ba za mu wanke asibiti ba. Mutane ba don wauta suke gudunsa ba. Mai ruƙiyya yana zuwa har gida, yana jin Hausa, yana ba da lokaci, yana kuma ba da bayanin da ke cire wa iyali kunya, domin 'yar da aljani ya shiga tana auruwa, wadda aka kai asibitin mahaukata kuwa har ƙannenta sai sun rasa manema. Asibiti fa? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Mutumin Sabon Wuse da ke son ganin ƙwararre sai ya nufi Abuja ko Barnawa a Kaduna, na can ƙurya kuma sai Dawanau a Kano ko Kware a Sakkwato. A ƙaramin asibiti kuwa, abin da ya fi samu shi ne allurar barci da baƙar magana.

Ba kuma muna cewa a haɗiye duk abin da ya fito daga Turai da Amurka ba ne. Su ma sun yi tasu Sumbukar. Bayan fitowar littafin Sybil a 1973, labarin wata mata da aka ce tana da mutane 16 a cikinta, sai masu irin wannan ciwo suka yawaita a Amurka kamar fara, har aka gane cewa waɗansu masu jinyar ne ke cusa wa majinyata abin ta hanyar tambayoyinsu. Darasin guda ne da namu. Likitan da ya nace yana neman mutum na biyu a cikin majinyaci zai same shi, haka malamin da ya nace yana cewa “faɗi sunanka” zai ji suna. Zuciyar da ke cikin ƙunci takan ba mai tambaya amsar da yake nema.

Hanyar da ta dace ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda majinyata ke zaune a gidajen ƙauye tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su a ƙarƙashin sa idonsa. Duniya ta yaba, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta amince da haƙƙin majinyaci da mutuncinsa. Amma doka a takarda ba ta kwance mari a ƙauye.

Namu laifin

Saura mu, ɗalibai da malaman Hausa. Mun rubuta kundaye a kan bori da girka da kirarin iskoki, mun tsara sunayensu gida-gida, Bature Tremearne ma ya riga mu tun 1914. Amma har yau likitan da ke zaune da Bahaushiya ba shi da kalmar da zai gaya mata sunan ciwonta in ba hauka ko taɓin hankali ba, waɗanda kowace uwa za ta gwammace aljani a kansu. Harshen da ya iya bambance sanƙarau da shawara da ciwon daji bai gaza samar da suna ga wannan ba. Mun ba da shawarar rabuwar hayyaci, wanda ya fi mu sani ya kawo wadda ta fi ta. Aikin sashenmu ne ya zauna da likitoci a fassara tambayoyin tantancewa zuwa Hausar da 'yar ƙauye za ta gane, a rubuta ƙananan littattafai da wasannin rediyo, a kuma ja kunnen masu finafinan da suka mai da kowace faɗuwa aljani mai jan ido.

Ga shugabannin makarantun kwana muna cewa, idan yarinya ta faɗi a janye ta daga taro a kai ta wuri mai shiru, a kwantar da ita a gefenta, kada a cusa mata cokali a baki, a sallami 'yan kallo, domin kallo ne ke yaɗa abin. A kai ta a auna jikinta, sannan a sami mace mai amana ta zauna da ita. Ga malamanmu masu tsoron Allah muna cewa, ku yi addu'arku, amma ku sa sharaɗin a fara zuwa asibiti, ku kuma fito fili ku barranta daga masu bulala. Ga ma'aikatan lafiya muna cewa, “ba mu ga komai ba” ba sallama ba ce, mafarin bincike ne. Ga iyaye kuma, kafin ku tambayi aljani abin da yake so, ku tambayi 'yarku abin da take tsoro, ku kuma shirya jin amsar ko da ta taɓa wani na cikin gida.

Yarinyar unguwarmu tana nan da ranta. An fasa auren, gwaggonta ta riƙe ta, faɗuwar ta yi sauƙi sannu a hankali, amma tabon bulala yana nan a bayanta, wanda ya yi mata ɓarnar kuwa yana yawonsa a gari ana gaishe shi. Shi ne jakin da aka bari. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu ikon faɗar gaskiya da karɓarta, amin.